Labaran kurkukun da na turo a shagon caji na Wudil

Ran Juma'a na kai akuya kasuwar Wudil, batir ɗina ya mutu tun kafin a sauko daga masallaci, sai na faɗa wani shagon caji da turi da ke bayan kara. Yaron shagon ya dubi memorina ya ce, "Baba, akwai labaran tsoro na mutanen da aka rufe a kurkuku da ɗakin ƙarƙashin ƙasa, in zuba maka?" Na ce zuba. Naira 500 har da caji. Bai tsaya ja da ni ba, ya kuma rubuta lamba a takarda ya manna wa wayar don kada ta ɓace cikin na mutane. Nan kam ya kyauta.

Guda tara ya ce, bakwai na tarar a gida, ɗaya ma ya yanke ana tsakiyar magana. Ya kuma cusa mini waƙoƙin da ban tambaya ba.

Biyar daga ciki duk tafiyarsu ɗaya: fatalwa na jan mari da tsakar dare, ana buga ƙofa daga ciki alhali ba kowa. Mai ba da labarin sai ƙara yake yana kwaikwayon kukan aljanu, har uwargida ta ce in rage, yara za su yi fitsarin kwance. Na Elmina da ke Gana, gidan da Turawan Fotugal suka gina a 1482 aka riƙa tara bayi a ƙasansa kafin a zuba su a jirgi, ya fi dama, sai dai kiɗan da aka sa ya danne muryar.

Wanda ya hana ni barci babu aljani ko ɗaya a ciki. Kurkukun Kano ne, yadda Lugga, Baturen da ke mulkin Arewa a lokacin, ya ba da rahotonsa bayan Turawa sun ci garin a 1903, Sarki Alu yana Sakkwato. Ɗaki biyu, kowanne ƙafa 17 da 7, ƙofar sai an rarrafa, ba taga. Mutum 135 ake turawa ciki su kwana. A gindin katangar tsakiya akwai ramuka da ake zura ƙafafun wanda aka yanke wa kisa har cinya, a bar shi nan sauran suna tattaka shi. Na tashi da fitila na auna ɗakin da muke ajiye buhunan gero da taku. Ya ɗan fi wancan faɗi.

Maƙwabcina ya ce Bature ne ya faɗa, kuma yana da dalilin ɓata sarakunan da ya ci da yaƙi. Ban musa masa ba, amma shi ma sau biyu ya sa na maimaita masa.

Juma'a mai zuwa zan koma yaron ya cika mini biyun da ya rage, ya kuma goge waƙoƙin nan.