Hular walda mai yin duhu da kanta: abin da na gani a wurin aiki

Ƙofofi da tagogi nake haɗawa a Kano, kuma hular nan 'yar China ce, a kasuwar Ƙofar Ruwa na saye ta. Gilashinta garau yake kana ganin ƙarfe sarai, da sandar walda ta kama wuta sai ya yi duhu nan take. Ga mai ɗiga walda kafin ya bi layi, wannan babban sauƙi ne: hannu biyu duk suna kan aiki, babu ɗaga garkuwar fuska da saukewa, babu kuma runtse ido a ɗiga da ka.

Tana da maɓallin duhu daga lamba 9 zuwa 13. Ni a kan 10 ko 11 nake barinta, sai aiki mai kauri nake ƙarawa. Tun da na fara sa ta ban sake kwana da ciwon idon nan ba, wanda ba ya tashi sai cikin dare, ka ji kamar an watsa maka yashi, hawaye na zuba. Baƙin tabarau da yawancinmu ke maƙalawa duhunsa bai kai ko kusa ba, ga haske na shiga ta gefe, ga fatar fuska na ƙonewa tana saɓa.

Inda ta gaza: a bakin titi muke aiki, hasken rana kan ruɗe ta ta yi duhu babu dalili, sai ka rage mata ƙarfin jin haske. Robar da ke riƙe kai ba ta da ƙwari, kuma a zafin Afrilu gumi sai ya jiƙa ka. Farin gilashin waje tartsatsi ke cinye shi, don haka ka tambayi mai shago ko yana da na canji kafin ka biya. Ka kuma gwada ta a gabansa, ƙyasta ashana ko laita kusa da ita ya isa.

Abin da ya fi damuna shi ne kada wani ya ɗauka ta gama masa komai. Ba ta tare hayaƙi. Ƙarfe mai rufin tutiya hayaƙinsa na sa zazzaɓi da ciwon jiki, kuma madarar da ake sha bayan aiki ba ta wanke huhu. Wannan sai takunkumi mai tace hayaƙi da wuri mai iska.

Ta fi garkuwar hannu tsada, amma zan sayi ta biyu saboda yaron da ke riƙe mini ƙarfe, don shi ma hasken yana dukansa.