Tsohuwar dokar Amurka da sabuwa kan kiran hatsin karin kumallo "mai gina lafiya"

'Yar'uwa, kin tambaya ko mene ne ya bambanta tsohuwar ƙa'idar hukumar FDA, mai kula da abinci da magunguna a Amurka, da sabuwa wajen rubuta wa kwalin hatsin karin kumallo, irin su Corn Flakes, cewa yana gina lafiya. Babban bambancin yana wajen sukari.

Ƙa'idar 1994 ta fito ne a lokacin da ake ɗora wa maiƙo laifin cututtuka da yawa, saboda haka ta taƙaita mai da kolestarol da gishiri, ta kuma nemi abincin ya ƙunshi aƙalla kashi 10 cikin 100 na buƙatar yini na ɗaya daga cikin sinadarai shida, wato bitamin A da C, da kalsiyam, da sinadarin ƙarfe, da furotin, da harza. Sukarin da aka ƙara kuwa ba ta ce komai a kansa ba. Ta wannan ƙofa kamfani yake iya cika hatsi da zaƙi, ya barbaɗa masa bitamin, ya samu damar rubuta masa "mai gina lafiya", alhali kifin salmon da abokado da gyaɗa ba su cancanta ba saboda maiƙonsu.

Ƙa'idar da aka kammala a Disambar 2024 ta fara da tambayar ko akwai ainihin abinci a cikin kwalin. Dole ne a samu wani adadi na hatsin da ba a surfe ba, wanda dusarsa ke jikinsa, sannan a kowane awo guda na ci kada sukarin da aka ƙara ya wuce giram 5, wato ɗan fiye da ƙaramin cokali ɗaya, kada sinadarin gishiri ya wuce miligiram 230, kada daskararren mai ya wuce giram 1. A daftarin 2022 giram 2.5 aka nema, daga baya aka sassauta, kuma a ganina sassaucin bai yi yawa ba, tunda hatsin yara masu zaƙi sun ninka giram 5 ɗin.

Inda suka yi tarayya shi ne dukkansu ba tilas ba ne: kamfanin da bai cika sharaɗi ba zai daina rubuta kalmar kawai, ya ci gaba da sayar da kayansa. An kuma ba kamfanoni wa'adi har Fabrairun 2028, don haka kwalin da kika saya yau yana iya kasancewa bisa tsohon ma'auni, sai kin juya bayansa kin duba layin sukari.