Littafin darasin kula da ma'aikata: wanne ɗalibi zai saya?

Da an buɗe makaranta sai ƙannena 'yan sashen kasuwanci su fara tambaya, wane littafi za su saya cikin na Bratton da Gold, na Armstrong da na Dessler, tunda aljihu ba zai ɗauki uku ba. Amsata ɗaya ce kullum: na John Bratton da Jeff Gold, wanda ya fara fitowa a 1994.

Yawancin littattafan fannin suna koya maka ɗaukar ma'aikaci, auna ƙwazonsa, biyansa da sallamarsa, sai ka ce kamfani da ma'aikaci uwa ɗaya uba ɗaya suke. Wannan kuwa yakan tsaya ya tambaya, wa ke cin moriyar tsarin? Zai baje maka tsarin kula da ma'aikata na masanan jami'ar Harvard da na jami'ar Michigan, duka na 1984. Na farko yana neman yardar ma'aikaci da amanarsa, na biyu yana lissafa shi cikin kayan aiki kamar janareta. Kana gama babin za ka gane manajan da ke cewa "ma'aikata su ne jarinmu" alhali takardun sallama na cikin durowarsa. Bai kuma mayar da ƙungiyar ƙwadago saniyar ware ba. Turancinsa da nauyi, gaskiya, amma wanda ya jure ba zai rubuta amsar haddar aku a jarrabawa ba.

Na Michael Armstrong, mai asali tun 1977, ƙamus ne. A duba a ajiye. Na Gary Dessler kuwa dokokin Amurka sun cika shi. Babu ko ɗaya cikinsu da zai gaya maka dokar fanshon Najeriya ta 2014 ta ɗora wa kamfani kashi 10 na albashi, ma'aikaci kashi 8, ko cewa mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024. Wannan sai ka nema daban.

Sai maganar jabu, inda na taɓa ƙonewa. Ina aji uku wani mai baje littattafai a bakin ƙofar makaranta ya sayar mini da sabo fil a leda. Mako biyu kafin jarrabawa na tarar babu babin albashi gaba ɗaya, an maimaita wani a gurbinsa. Na koma, ya rantse bai taɓa ganina ba. Don haka a yage ledar a gabanka. Bi lambobin shafuka, musamman na tsakiya. Ɗaga takarda ɗaya ga haske; in rubutun baya ya fito ɓaro-ɓaro, ajiye. Duba shekarar da ke shafin ciki, domin sukan liƙa bangon sabon bugu a kan tsohon ciki. Jadawalin da ya kamata ya zo da kala in ya zo toka-toka, kwafi ne. Masu tallar kwafin da ake karantawa a waya ta WhatsApp kuma, da kuɗi ya shiga sai lambar ta daina shiga.

Na hannu na asali daga wanda ya gama aji huɗu, ko da ya sha jan biro, shi nake sa ƙannena su nema tukuna.