Lasisin sayar da barasa: yadda Ingila ta bambanta da Amurka

Ɗan'uwa, ka ce kamfanin gidajen cin abincin da kake wa aiki zai buɗe reshe a Ingila, wani kuma a Amurka, an ɗora maka haɗa takardun izinin sayar da barasa, kana tambaya ko tsarin iri ɗaya ne. Ko kusa. A Ingila, hukuma so take ta ji yadda za ku tafiyar da wurin. A wasu jihohin Amurka kuwa, sai an fara duba ko akwai gurbin da za a ba ku ma tukuna.

Ingila da Wales doka guda suke bi, ta shekarar 2003, wadda ta fara aiki a Nuwamban 2005. Lasisi biyu ake nema a ƙaramar hukuma: na wuri da na mutum. Na wuri shi ke fayyace sa'o'in sayarwa da sharuɗɗan da aka gindaya wa ginin. Na mutum kuma sai wanda ya cika shekara 18, ya ci jarrabawar sanin dokar, aka binciki tarihinsa ko ya taɓa aikata laifi. Dole a rubuta sunan mai irin wannan lasisi a matsayin mai kula da wurin. In ya ajiye aiki ba a naɗa wani ba, duk kwalbar da aka sayar an karya doka. Ka riƙe wannan da kyau, don manaja na iya tafiya a kowane lokaci.

Abin da ya fi burge ni a tsarinsu shi ne maƙwabta suna da bakin magana. Za ku liƙa sanarwa a kan shuɗiyar takarda a jikin ginin har kwana 28, ku kuma buga ta a jarida. A cikin kwanakin nan 'yan sanda ko mazauna unguwar na iya kawo ƙorafi, amma sai ya shafi ɗaya daga cikin manufofi huɗu: hana aikata laifi da tarzoma, tsaron lafiyar jama'a, hana damun mutane da hayaniya, da kare yara. In ba wanda ya yi ƙorafi, hukuma za ta bayar. Wanda ya sayar ba lasisi yana iya shan ɗaurin wata shida ko tarar da ba a ƙayyade iyakarta ba. Scotland dokarta daban ce, ta 2005, har ta ƙara manufa ta biyar, wato kiwon lafiyar al'umma.

Amurka kuwa tarihinta ne ya rarraba lamarin. An haramta sayar da barasa a duk faɗin ƙasar daga 1920, sai a Disamban 1933 gyara na 21 ga kundin tsarin mulki ya soke haramcin, ya miƙa wa jihohi iko. Saboda haka babu wani abu wai shi lasisin Amurka ga mai gidan abinci. Zai yi rajista da hukumar tarayya mai karɓar harajin barasa da taba, amma izinin sayarwa daga jiha yake fitowa, sau da yawa da sa hannun gari ko gunduma. Har gobe akwai gundumomin da ba a sayar da ita ko kaɗan.

Wahalar tana wajen ƙayyade adadi. A Pennsylvania, lasisi ɗaya ake warewa ga kowane mutum 3,000 a gunduma. In guraben sun cika, sai dai ku saya daga hannun wani mai lasisi ko a gwanjon da jihar ke yi, shi ya sa takardar ta zama kadara mai tsada. Ingila ba ta da wannan lissafi na kawunan mutane. Jihohi 17, ciki har da Pennsylvania da Utah da Virginia, gwamnati ce da kanta ke riƙe da cinikin sarin barasa mai ƙarfi. A mafi yawan sauran ma doka ta raba mai yi da ɗan sari da mai sayarwa, ba za ku tsallake ɗan sari ku je kamfani kai tsaye ba. New York kuma ba ta ba da cikakken lasisi ga wurin da ke tsakanin ƙafa 200 da makaranta ko wurin ibada a titi ɗaya.

Shekarun mai saye 18 ne a Ingila, 21 a Amurka, tun bayan dokar 1984 da ta rage kuɗin gina hanyoyi ga jihar da ta ƙi bi.

Akwai abin da nake roƙon ka sanar da shugabanninka ba tare da sassautawa ba. Sayar wa wanda ya riga ya bugu laifi ne a Ingila. A yawancin jihohin Amurka abin ya wuce nan: in kun ci gaba da zuba wa mutum bayan maye ya bayyana a jikinsa, ya fita ya kaɗe wani da mota, iyalan wanda aka kaɗe na iya maka ku a kotu neman diyya. Rai ake magana a nan, don haka horar da ma'aikata su iya cewa "ya isa" ya zo kafin ranar buɗe ƙofa.

Game da reshen Amurka, ka nemi sunan jihar da gundumar tun yanzu, kuma kada a sa hannu a yarjejeniyar haya sai an rubuta a ciki cewa in lasisi bai samu ba, kuna da damar janyewa.