Ƙunshin kayan gyaran kafireta: ya tsayar da yoyo, bai gyara silo ba

Na ɗaura wannan ƙunshi a kan kafireta biyu ƙirar Amal Concentric 930 na wani Triumph Bonneville mai cc 650 da ya daɗe a jingine. Ƙunshin ba na kamfanin asali ba ne, irin wanda ake yi a madadi ne. A ciki akwai gaskit na kwanon mai, allurar fulot mai bakin roba (fulot shi ne abin da ke yawo a kan mai cikin kwano, yana tura allurar ta rufe mai), zobban roba na sukurori, washa, matatar ƙasan kwano da jet guda biyu, wato ƙananan bututun da ke auna man da ke shiga inji. Cutar babur ɗin biyu ce: mai na zuba daga kwano, kuma da an saki totur sai inji ya mutu.

Wajen yoyo, ƙunshin ya yi abin da aka saye shi dominsa. Tsohuwar allurar ta yi zobe a baki, shi ya sa ba ta rufe mai. Sabuwar ta zauna daram. Amma kada a ɗaura kwano kafin a auna fulot: idan allura ta rufe, saman fulot ya kasance kamar milimita 2 ƙasa da leɓen kwano. In ya haura haka, mai ya yi yawa, filogi ya yi baƙi, salansa na warin fetur. In ya yi ƙasa sosai, inji ya riƙa shaƙewa a kan gudu. Shi kansa fulot ɗin babu shi a ƙunshin, kuma wannan giɓi ne, domin fetur mai gauraye da etanol kashi 10 cikin ɗari ba ya raga wa tsofaffin robobi. A girgiza tsohon fulot kusa da kunne. In an ji motsin mai a ciki, ya tashi aiki.

Maganar silo kuwa, wato aikin inji a hankali idan an saki totur, babu wani ƙunshi da zai magance ta. A yawancin waɗannan kafireta, ƙaramin jet ɗin silo a dase yake cikin jiki, can bayan sukurun iska, ba a kwance shi. Raminsa milimita 0.4 ne kacal, kuma tsohon fetur da ya bushe ya zama danƙo nan yake fara toshewa. Feshi kaɗai ba ya buɗe shi. Sai an cire sukurun iska, an zura siririyar waya wadda ba ta wuce wannan kaurin ba, a juya ta da yatsu a hankali, sannan a bi da feshi har a ga ya fito ta ƙananan ramuka biyu na maƙogwaron kafireta. Daga nan a mayar da sukurun har ya taɓa, ba da ƙarfi ba, a dawo da shi zagaye ɗaya da rabi. Da na yi haka ne injin ya tsaya da ƙafarsa.

Jet ɗin da suka zo a ƙunshin ban yarda da su ba. Wanda allurar totur ke shiga an buga masa lamba 106, daidai da na asali, amma da shi babur ya riƙa kakari da an ɗan murɗa totur. Na nemo na asali sabo, kakarin ya ɗauke. Babban jet kuwa da wuya ya lalace, don haka a wanke tsohon a mayar.

Wajen ɗaurawa a yi hattara da notuna biyu na gindin kafireta. Jikinta na ƙarfe mai laushi ne, matsi ya yi yawa sai ya lanƙwashe, totur ya riƙa maƙalewa a buɗe, wanda haɗari ne a kan titi. A kuma duba tanki tun kafin a fara: tsatsa za ta sake cika sabuwar matata cikin 'yan kwanaki, kuma in ramin iska na murfin tanki ya toshe, babur zai yi tafiya kaɗan ya mutu kamar mai ya ƙare.

Zan sake sayensa domin gaskit, allura da zobban roba. Jet da fulot a saye su daban.