Daga Wa Za Ka Riƙa Saro Furanni? Abin Dubawa Kafin Ka Ƙulla Da Manomi

Mai sayar da furanni hajarsa ta fara mutuwa tun ranar da ya saye ta. Da zarar wuƙa ta raba kara da uwarsa, kwanakinsa a ƙidaye suke, kuma duk kwanan da ya yi a hanya an zabge shi ne daga wanda zai yi a gaban mutumin da ya biya kuɗinsa. Shi ya sa tambayar inda za ka riƙa saro kaya ta fi ta inda za ka kama shago nauyi. Idan ka yi niyyar dogara da manoman da ke kusa da kai, hanyoyin da ke gabanka ba ɗaya ba ne, kuma kowace da irin sana'ar da ta dace da ita.

Sai ka fara sanin abin da kake gogayya da shi. Babbar kasuwar furanni ta duniya tana Aalsmeer a ƙasar Holan, inda ake gwanjo da agogon da farashi ke sauka maimakon hawa, wanda ya riga danna maɓalli ya ɗauka. Wardin da ke yawo a duniya yawancinsa daga gonakin gefen tafkin Naivasha na Kenya yake, da Habasha, da tsaunukan Kolombiya da Ekwado, inda tudu da sanyin dare ke ba shi dogon kara da babban kai. Ana yanka shi, a sanyaya, a jera cikin kwali babu ruwa, a loda a jirgi. Kafin ya iso hannunka ya kwana da yawa. Amma fa a ba shi haƙƙinsa: idan ka ce kana son jan wardi 200 masu tsawon santimita 60, haka za su zo, kamar an auna da magwaji, a kowane wata na shekara. Manomin da ke bayan garinku ba zai taɓa yi maka wannan ba, kuma kuskure ne ka nema a wurinsa. Abin da yake da shi wani ne daban: furen da aka yanka da asubar yau, mai ƙamshi, da irin waɗanda ba sa jure kwali, kamar daliya da ziniya da kosmos.

Hanya mafi sauƙin shiga ita ce sayen bokiti. Manomi ya cika maka bokiti da abin da gonarsa ta bayar a makon, ka biya kuɗin bokitin gaba ɗaya. Tana da araha, kuma makaranta ce ga mai koyo, domin za ta tilasta maka ka haɗa dami mai kyau da abin da ya samu. Aibinta shi ne ba kai ke zaɓe ba. Wani makon rabin bokitin launin ruwan ɗorawa ne, alhali masu sayenka fari da ruwan hoda suke nema. Idan sana'arka ƙananan dammunan furanni ce da ake saye a wuce, ko kana kai wa ofisoshi da gidajen abinci duk mako, bokiti ya ishe ka. Idan aikin biki kake karɓa, kada ka jingina da shi.

Ta biyu ita ce saye dami-dami daga jerin da manomi ke turowa. Yawanci a farkon mako zai aiko da abin da yake sa ran yankawa: iri, launi, tsawon kara, da adadin damin da zai samu. Dami ɗaya a al'adar sana'ar kara 10 ne, sai dai ka tambaya, domin wasu kan ɗaure 5 idan furen mai girma ne, ganyen ado kuma a kan ɗaure shi da cikar hannu ba da ƙirge ba. A nan kai ke zaɓe, amma wanda ya riga amsawa shi ke kwashe mai kyau. Kuma gona ɗaya ba ta isa. Sai ka haɗa uku ko huɗu, kowace da ranar yankanta da nisanta, ka wayi gari kai ne direba, kai ne mai lissafi, kai ne mai amsa waya. Man mota da awannin da ka ɓata a hanya kuɗi ne, ko da ba su fito a takardar ciniki ba, kuma sababbin shiga sukan manta su saka su cikin farashin dami.

Saboda wannan wahalar ce manoma a wurare da dama suka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa, su tara kayansu wuri guda, mai saye ya yi oda sau ɗaya, ya biya sau ɗaya, ya ɗauka a wuri ɗaya. Farashin kan ɗan ɗara na bakin gona, domin akwai kason ƙungiya da kuɗin ɗakin sanyi. Ni dai a ganina, inda irin wannan ta samu, ita ce mafi alheri ga mai ƙaramin jari, musamman da yake idan gonar wani ta gaza, ta wani za ta cike gurbin. Abu ɗaya za ka tambaya: shin akwai ma'auni guda da duk manoman ke bi wajen tsawon kara da lokacin yanka, ko kowa da kiɗansa? Idan babu, za ka buɗe oda ɗaya ka tarar da inganci iri uku.

Sai noman kwangila, kuma a nan ne nake so in daɗe. Za ka zauna da manomi tun kafin shuka, ka ce masa kana son kaza da kaza a wata kaza, ka ba da kafin alƙalami, ya ware maka kunya ko fangali. Ba a fafe gora ranar tafiya: sanfulawa mai kara ɗaya kan ɗauki kwana 50 zuwa 60 daga shuka zuwa yanka, lisiyantas kuwa kan kai wata biyar ko shida daga iri, fiyoni kuma sai ya shekara uku kafin a fara yankarsa sosai. Wanda ya zo watanni biyu kafin biki yana neman a noma masa lisiyantas ya makara. Amfanin kwangila a fili yake, kana samun launin da babu shi a kasuwa, manomi kuma ya san kayansa sun riga sun sayu. Haɗarinta shi ne fure bai san kalanda ba. Zafi ya yi yawa ya buɗe kafin ranarka da mako guda, hadari ya rufe rana ya ƙi buɗewa.

Na taɓa ƙulla irin wannan da wani manomi a kan farar daliya don wani biki, na kuma yi wautar faɗa wa amarya sunan furen, har da nuna mata hoto. Saura kwana huɗu aka yi ruwa da ƙanƙara. Da na isa gonar da safe, kawunan duk sun rataye, fararen ganyen furen sun yi tabo ruwan ƙasa kamar an yayyafa musu shayi, manomin yana tsaye riƙe da almakashi bai san ta inda zai fara ba. Ba laifinsa ba ne. Laifina ne da na yi alkawarin abin da ke hannun sama. Tun daga ranar, launi da yanayi nake sayarwa: fari da kore, mai taushi, mai yalwa. Sunan fure ba ya shiga takardar yarjejeniyata da mai biki sai da sharaɗin musanya. Haka ma tsakanina da manomi, a rubuce muke ajiye abin da zai faru idan amfani ya lalace: a mayar da kafin alƙalami, ko a canza da wani furen, ko a ɗaga zuwa wata kakar. Kunyar faɗin wannan tun farko ita ke kashe zumunci daga baya.

Noma naka da kanka kuwa, kada ka ɗauke shi hanyar rage kashe kuɗi, sana'a ce ta biyu mai cin cikakken lokaci. Abin da ya cancanci ka shuka a ɗan filinka shi ne ganyen ado da ƙananan furannin cike gurbi, waɗanda kake bukata kullum kuma sayensu ke cin riba a hankali.

Kowace hanya ka ɗauka, je ka gonar da ƙafarka, gani ya kori ji. Kada ka tsaya kallon furannin, leƙa cikin bokitin. Idan ruwan ya yi kauri, ko gefen bokitin yana santsi, ko ganye na jiƙe a ƙarƙashin ruwa, ƙwayoyin cuta sun riga sun toshe jijiyoyin karan, furen zai sunkuyar da kai ko da ka canza masa ruwa sau goma. Tambaye shi yaushe yake yanka. Amsar da kake so ita ce da sassafe ko da yamma liƙis, ba da rana tsaka ba. Tambaye shi kuma a wane mataki yake yanka kowane iri, nan ne za ka gane gwani. Daliya ba ta ƙara buɗewa sosai bayan an yanke ta, don haka sai ta kusa cika. Sanfulawa ana yanka ta ne da zarar ganyen furen ya fara ɗagowa daga fuska. Ziniya kuwa akan riƙe karan a ɗan girgiza, idan wuyan ya yi lanƙwai-lanƙwai ba ta nuna ba, idan ya tsaya ƙyam ta isa. Kafin ka yi babbar oda, sayi dami ɗaya, ka kai gida, ka saka a ruwa, ka rubuta ranar, ka ƙirga. Daliya ta ba ka kwana huɗu ko biyar ta yi ƙoƙari. Lisiyantas da kirisantimam su doshi mako biyu. Abin da ya gaza haka da nisa, akwai matsala a yanka ko a ajiya.

Wannan gwajin shi ke fito da farashin gaskiya. A ce ka sayi kara 100 a wurin mai araha, 25 suka yi yaushi kafin su sayu. Ka biya kuɗin 100 ka sayar da 75, wato kowane kara ya tashi maka da ƙarin kashi ɗaya bisa uku. Mai tsadar da 95 nasa suka kai hannun masu saye yana iya fin sauƙi. Araha ba ta ado, a wannan sana'ar ma har cin uwar kuɗi take yi.

Zaɓin mai kawo kaya kuma ɗaure yake da wurin ajiyarka. Yawancin furanni, har da wardi, sun fi daɗewa a sanyin digiri 1 zuwa 3 na ma'aunin Salshiyas tare da laima mai yawa. Firjin gida yana busar da su, kuma idan akwai 'ya'yan itace masu nuna a ciki, iskar etilin da suke fitarwa tana tsufar da fure da wuri, furen kanashin na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Firjin gilashi na masu furanni yana da kyau wajen nuna kaya amma ba ya ɗaukar da yawa. Masu ƙaramin ƙarfi da dama kan gina ɗan ɗaki mai rufin hana zafi shiga, su haɗa na'urar sanyaya ɗaki ta taga da wata 'yar na'ura mai suna CoolBot, wadda ke sa ta sauko ƙasa da inda aka ƙera ta ta tsaya. Sai dai ba kowane fure ke son wannan sanyin ba. Na ƙasashe masu zafi, irin su okid da anturiyam da helikoniya, suna baƙi idan sanyi ya yi ƙasa da digiri 10, ziniya ma ba ta son sanyi mai tsanani. Giladiyolas kuma a tsaye ake ajiye shi, idan ka kwantar da shi kansa zai lanƙwashe sama ya ƙi komawa. Idan ba ka da ɗakin sanyi ko wutar da za ta riƙe shi, to nemi manomin da zai kawo maka kaɗan-kaɗan sau biyu ko uku a mako, ko da farashinsa ya fi na mai kawowa sau ɗaya.

Saura watannin da gona ba ta bayarwa. A ƙasashen da ke da tsananin hunturu, 14 ga Fabrairu, ranar da aka fi neman jan wardi, tana faɗowa ne lokacin da filaye ba su da komai sai abin da aka noma a cikin rumfar gilashi ko ta leda. A wurare masu zafi kuma, tsananin rani ko ruwa mai yawa ne ke yanke kaya. Wasu masu shago kan busar da silosiya da gomfirina da sitatis tun lokacin yalwa su sayar a lokacin, wasu su rage aiki, wasu su koma wurin dillalin furannin da ake shigowa da su cikin kwali na 'yan watanni. Ban ga aibin na ƙarshen ba, muddin ba za ka ce wa mai saye furen na gonar kusa ne alhali daga jirgi ya sauka. Buɗe asusu da dillalin tun kana cikin yalwa, ka riƙa sayen ɗan abu lokaci-lokaci, domin ranar da ƙanƙara ta sauka a gonar manominka, dillali waɗanda ya saba da su zai fara sallama kafin ya waiwayi baƙo.