Kyanwa mai yawan amai: jinya a gida ko asibitin dabbobi?

Ba kowane amai ne ke kai kyanwa asibiti ba. Idan sau ɗaya ta yi, ka duba ka ga dunƙulen gashi mai tsawo kamar yatsa, ko abincin da ta haɗiye da garaje ya dawo yadda ya shiga, sannan ta miƙe ta koma wasanta, jinyar gida ta wadatar. Ɗauke kwanon abincinta na 'yan awanni, ka bar mata ruwa mai tsabta. Daga baya ka ba ta dafaffen naman kaza kaɗan-kaɗan, ba gishiri ba albasa, domin albasa na lalata mata jini. Madara ma a dakata da ita. Wannan hanya ba ta cin kuɗi, amma iyakarta kwana guda.

Asibitin dabbobi kuwa akwai kuɗin mota, ga wahalar cusa ta a kwando tana yakushi. Sai dai can ne ake gano abin da ido ba ya gani: tsutsar ciki, ciwon ƙoda idan ta tsufa, ko zaren ɗinki da ya naɗe mata hanji. Ni dai in aman ya maimaitu a yini ɗaya, ko na ga jini a ciki, ko an zuba maganin ɓera a gidan, ba na jira. Haka idan ta ƙi abinci kwana 2, don hantar kyanwa ba ta jure yunwa.

Kuma don Allah kada a ba ta farasitamol, ƙwaya 1 tana iya kashe ta.